Takardar Koke Zuwa Ga Mai Girma Hakimi Kan Abin Da Iyaye Ke Gani A Asibitin Yara

Ta hannun Dagaci da Masu Unguwanninmu, Birnin Kano.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi da biyayya, Allah ya ja zamanin Hakimi, ya ƙara masa lafiya da nisan kwana, ya ja zamanin Mai Martaba Sarki. Mu talakawanka, iyaye maza da mata, muna neman afuwa kafin mu buɗe baki, domin abin da ya faru a makon jiya ya hana mu yin shiru.

Ranka ya daɗe, wata baiwar Allah Bafulatana ta kawo ɗanta asibitin yaran da muke zuwa, yana jijjiga saboda zazzaɓi. Ba ta jin Hausa sosai, Turanci kuwa ko kaɗan. Likitan da ke bakin aiki ɗan bautar ƙasa ne, bai daɗe da zuwa Kano ba, shi ma ba Hausar gare shi ba. Aka rasa mai Fulatanci a duk ɗakin. Ma'aikaciyar jinyar da ya kamata ta tsaya tsakaninsu sai ta ɓige da faɗa kan layar da ke wuyan yaron da kuma beli da wanzami ya cire masa, a gaban jama'a, har da cewa irinsu ne ke kashe 'ya'yansu. Aka miƙo mata takarda da Turanci ta dangwala yatsa ba ta san me ke ciki ba. Da aka sallame su, maganin da aka ce cokali ɗaya sau uku a rana, ita ta fahimci cokali uku a tashi ɗaya. Washegari a sume aka dawo da yaron. Allah ya yi da sauran kwanansa, amma uwar ta rantse ba za ta sake taka ƙofar asibiti ba, kuma matan rugarsu duk sun ji labari.

Wannan dangwala yatsa ita ta fi ci mana rai. Kano ba ta manta da 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan, gwajin da aka sa yara 200 a ciki, 11 suka rasu, iyaye kuma suka ce ba a yi musu bayani ba. Tabon nan na cikin abin da ya sa aka ƙaurace wa allurar shan inna a 2003, kuma Hakimi ya fi mu sanin wahalar da sarakuna da malamai suka sha kafin a dawo da amincewar mutane. Yanzu kuma da mashaƙo ya yi mana ɓarna a 2023, ashe lokacin korar uwa daga asibiti ne?

Ba yau muka fara kuka ba. Mun je wurin shugabannin asibitin, mun gaya wa kansila, dattawa sun yi magana, an ce za a duba. Har yanzu mai shara ko wani majinyaci a layi ne ke zama tafinta, sirrin iyali yana yawo a baranda.

Kada a ɗauka muna cewa a kori baƙi. Wallahi akwai nas-nas 'yan kudu da suka kwana a kan 'ya'yanmu ba runtsawa. Kuma maƙwabtanmu Ibo da Yarabawa na Sabon Gari su ma suna shan irin wannan a wurin yankar kati, idan aka yi musu Hausa zalla aka ɗaure fuska. Kano gari ne na kowa, akwai Barebari da Nufawa da Buzaye, asibitin yara ya kamata ya yi kama da garin.

Don haka muna roƙon Hakimi ya kai kukanmu fada, ya kuma isar da shi ga Ma'aikatar Lafiya da Hukumar Kula da Asibitoci ta Jihar Kano. A ɗauki ma'aikata masu Fulatanci da Barbarci da sauran harsuna, kowane zubin aiki, har da na dare, a samu tafinta na gaskiya. Duk likitan da aka turo a koya masa Hausar asibiti da al'adunmu kafin a ba shi yaro. A ƙara likitoci mata, domin yarinyar da ta fara girma ba za ta faɗa wa namiji damuwarta ba, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Ga Jami'ar Bayero da makarantun jinya da ungozoma na Madobi da Dambatta suna yaye 'ya'yanmu, wasu na zaune a gida ba aiki. A samar da mai maganar hannu saboda iyaye kurame, ko daga makarantar kurame da makafi ta Tudun Maliki a nemo. Takardar amincewa a rubuta ta da Hausa, boko da ajami, a karanta wa uwa kafin ta sa yatsa. A daina tozarta mace kan laya da rubutu, a ja ta gefe a yi mata nasiha. Kuma muna sake roƙo, ranka ya daɗe, tafintan nan, ko shi kaɗai aka fara da shi. A binciki abin da ya sami yaron nan, a aika wani ya je har ruga ya ba uwar haƙuri.

A shirye muke mu gurfana gaban Hakimi duk ranar da ya kira mu, tare da matan da suka ga abin da idonsu. Allah ya ƙara wa Hakimi girma.

Masu biyayya gare ka,
Iyayen yara, limamai da dattawan unguwa.