Zuwa ga Inna, a kan kafur ɗin cikin akwati

Assalamu alaikum Inna,

Ina gaishe ku da Baba da mutanen gida duka. Labari ya iso min nan Japan cewa Yaya ta sauka lafiya. Barkanmu da arziki, Allah ya raya, ya ba mai jego lafiya.

Saboda jaririn nan na zauna rubutu. Kun sha tambayata me nake karanta, to yau ga shi. A ɗakin bincikenmu muna aiki da wasu 'yan ƙwayoyi masu ƙyalli da ake kira kiristal, waɗanda ake haɗawa daga sinadaran kabon. Idan tururin wani sinadari ya shiga tsakaninsu sai launinsu ya juya, yadda zoɓo yake juyawa idan aka jefa masa kanwa. Abin da ya shigan ne yake sauya irin hasken da suke sha. Da sauyin launin ake gane sinadarin yana wurin, ba sa bukatar batir ko wutar lantarki, ido kawai. Akwai wanda aka haɗa a ƙasar nan, daga shuɗi-kore yake komawa shunayya idan ya haɗu da naftalin, in an ɗumama shi kuma ya koma yadda yake.

Naftalin ɗin nan, Inna, shi ne farin kafur da muke saya a kasuwar Ringim muna zubawa cikin akwatin tufafi. Ƙanƙancewar da yake yi ba ɓacewa ba ce, iska yake bi, ya kama zani, a shaƙa. Yara da yawa a ƙasarmu, musamman maza, ana haifarsu da ƙarancin wani sinadarin jini, G6PD. Irin wannan jariri in ya shaƙi kafur, ƙwayoyin jininsa suna iya fashewa, shawara ta kama shi, in ta yi tsanani har ƙwaƙwalwa take taɓawa. Tarayyar Turai ta hana sayar da irin wannan kafur tun 2008, mu kuwa har cikin kayan jarirai muke sa shi don ƙamshi. Wannan yana ci min rai ƙwarai.

Kiristal ɗinmu bai kai ga kasuwa ba tukuna, don haka ku zan roƙa. Don Allah a kwashe kafur daga ɗakin mai jego, a wanke kayan yaron da zannuwan goyo, a shanya a rana sosai. In kun ga idonsa ko fatarsa ta yi rawaya, ko ya ƙi kama nono, a kai shi asibiti ranar, kada a tsaya jiƙo.

A gaya min sunan da aka raɗa masa. A gaida Gwaggo, a ce wa Baba ina neman addu'a.

Ɗanku