A sa yara masu ciwon mafitsara cikin shirin lafiya

Ya Edita,

Na karanta rahotonku kan shirin kiwon lafiya ga kowa da gwamnatin Kamaru ta ƙaddamar a 2023, wanda ya rage kuɗin wankin ƙoda. Madalla. Sai dai akwai yaran da ba a ambata ba: waɗanda aka haifa da ƙullutu a gadon baya, jijiyoyin mafitsararsu ba sa aiki.

A Garwa da Marwa za ka ga yaro ya kai shekara 7, wandonsa kullum a jiƙe, zazzaɓi na kai da komo. A gida a ce fitsarin kwance ne, har a haɗa masa da bulala. Alhali mafitsarar ce ba ta juyewa duka. Ragowar fitsarin yana komawa sama, yana cin ƙoda a hankali.

Maganin ba shi da tsada: hoton ƙoda tun yana jariri, maganin sassauta mafitsara, da siririyar roba mai tsabta da uwa za ta riƙa zuƙe fitsarin da ita bayan kowace awa 3 ko 4.

Ina roƙon Ma'aikatar Lafiya ta sa robar cikin shirin, a kuma koya wa ungozomomi duba gadon bayan kowane jariri ranar haihuwa.

Naku,
Wani malamin jinya, Garwa