Gidan gilashi na bakin teku, a tsakiyar Kano kuma?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Dan Allah a ɗan ba ni fili in yi magana kan wannan yayin da ya shigo na gina gida fari fat, ba ado ba tarkace, gilashi tun daga ƙasa har silin, wanda mutanenmu ke gani a Instagram su kai wa mai zane su ce irin wannan nake so. Ni ba ƙin salon nake ba, wallahi yana burge ni, amma fa da yawa daga gidajen nan a bakin teku suke kuma tekun ne ya sa aka zana su haka.

A duba gidan da Tadao Ando ɗan Japan ya zana a Kobe, wanda aka gama a 2003, ana ce mai 4x4, wato kaman mita huɗu tsawo mita huɗu faɗi, saboda ƙanƙantarsa. Filin ɗan mitsitsi ne sai ya tafi sama, hawa huɗu na kankare zalla ko fenti babu, kowane hawa ɗaki ɗaya, na ƙasa tagoginsu ba su kai na sama girma ba, sai ka hau na ƙarshe inda falo da kicin suke sannan bango guda ya koma gilashi, ɗakin ma an ɗan turo shi waje kaman mita ɗaya. Daga nan kana ganin ruwa da gadar Akashi da tsibirin Awaji, yankin da girgizar ƙasar 1995 ta taso ta kashe mutum sama da 6,000. To mai wannan tagar me zai yi da labule mai tsada ko wani zanen fi'ofi? Ai adon yana waje.

Yanzu a ɗauko wannan gilashin a dasa shi a fuloti cikin unguwa, me yake kallo? Katangar maƙwabci da tankin ruwa. In kuma aka yi rashin sa'a ya fuskanci yamma, daga azahar a watan Afrilu falon ya zama tanda, sai labule mai kauri dare da rana, sai esi, ga wuta ba ta zama ga dizal ya yi tsada, hunturu ya zo ƙura ta lulluɓe shi kullum ana goga. Ga maganar sutura, matan gida ba za su sake ba ana hango su daga titi. Su ma na bakin tekun ba a ɓagas suke sha ba, iskar gishiri tana cin rodi da ƙarfen taga, duk wanda ya zauna Legas ya san yadda tsatsa ke yi.

Abun da ya ba ni dariya ma, gidan da ya fara fito da sunan Ando, na Azuma a Osaka 1976, ba shi da taga ko ɗaya ta titi, tsakar gida ya buɗe a tsakiya daga nan haske da iska ke shiga, har in ana ruwa sai da lema ake zuwa banɗaki. Tsakar gidan da mu muke rufewa da kwano don a ƙara ɗakin haya.

Ina roƙon jaridar nan ta tattauna da masu zanen gini na jami'o'inmu na Zariya da Kano, su faɗa mana ina ya kamata taga ta kalla, kuma faɗin baranda nawa ne ke tare rana a garuruwanmu.

Naku,
Mai karatu daga Kano