Takardun bizar aure tun daga tabarmar ɗaurin aure suke farawa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili a jaridar nan in yi magana da iyayenmu, musamman waliyyai da limaman da ke ɗaura aure, kan 'yan matan da ake aurar wa mazan da ke zaune a Ingila. Ni ma ɗaya ce daga cikinsu. An ɗaura aurena a Zariya a watan Disambar 2023, amma ban taka gidan mijina a Mancesta ba sai a watan Mayun 2025, da goyon 'yar wata bakwai a bayana. Wata goma sha bakwai ke nan. A unguwarmu wasu sun ce Turawa ne suka hana ni, wasu suka ce hannu aka sa mini, wata gwaggona har rubutu ta kawo mini na sha. Da na zauna na yi lissafi daga baya, sai na ga yawancin jinkirin nan mu muka saya da hannunmu, kuma tun ranar da aka raba goro da dabino.

Ranar ɗaurin auren ango bai samu hutu ba. Baffansa ne ya karɓa masa, shi kuwa yana can yana kallo ta bidiyon WhatsApp a wayar ƙanensa, hoton na tsayawa yana tafiya. Ni ina ƙuryar ɗakin Umma a lulluɓe, kamar kowace amarya. Wannan duk ba laifi ba ne ko a wurin hukumomin Birtaniya, domin ƙa'idarsu ita ce auren da ya inganta a dokar ƙasar da aka ɗaura shi, ya inganta a wurinsu, ko da wakilai ne suka tsaya, muddin kowanne ya cika shekara 18 kuma ma'auratan sun taɓa haɗuwa ido da ido. Inda gizo ke saƙar shi ne takarda. Babu wanda ya tuna da ita a ranar. Sai bayan kwana huɗu aka aiki ƙanena masallaci, wani almajirin liman ya ɗauko littafin shaidar aure ya ce, “Mene ne sunan amaryar?” Ƙanena ya ce, “Kulu Garba.” Haka aka rubuta, rabi da Larabci rabi da boko, aka buga hatimi.

To ni a katin ɗan ƙasa Hauwa'u Abubakar ce. A takardun makaranta Hauwa Garba. Duk Bahaushe ya san Kulu ita ce Hauwa, Garba da Habu da Abubakar kuma mutum ɗaya ne, amma jami'in da ke duba takardu a can mata uku yake gani. Ga kuma shekarar haihuwa: shugaban makarantarmu ta firamare ya rage mini shekara ɗaya lokacin da za mu zana jarrabawar fita, da kyakkyawar niyya, Allah ya jiƙansa, sai ta bi ni har kwaleji. Fasfo ba ya fita sai bayanansa sun yi daidai da na lambar NIN. Saboda haka na yi rantsuwa a kotu, na nemi takardar tabbatar da haihuwa, na sayi ɗan gurbi a shafin canjin suna na wata jarida (wannan shafin da a da nake tsallakewa, yanzu nakan karanta shi da tausayi), sannan muka koma wurin liman da shaidu biyu aka sake rubuta takardar aure da sunan da zai hau fasfo. Maigidana ya zo a watan Janairu ya yi mako uku, aka yi biki, na tare a ɗakin da aka gyara mana a gidansu. Rabin kwanakin nan a layin ofisoshi muka cinye su. Fasfo bai shigo hannuna ba sai tsakiyar Maris.

A wata shekarar da wannan ba komai ba ne. Amma tun Disamba gwamnatin Birtaniya ta sanar cewa za ta ƙara yawan kuɗin shigar da ake buƙatar mutum ya samu kafin ya ɗauko matarsa. Tun 2012 fam 18,600 ne a shekara. Daga ranar 11 ga Afrilun 2024 ya koma fam 29,000. Albashin maigidana a lokacin yana tsakanin biyun: ya haye tsohon, bai kai sabon ba. Ke nan tsere muke da kalanda, kuma saura abu biyu da ba a yin su sai da fasfo a hannu.

Na farko jarrabawar Turanci. Malam Edita, shekara biyar ina koyar da Turanci a firamare, amma Najeriya ba ta cikin jerin ƙasashen da aka ɗauke wa wannan jarrabawa, kuma takardar NCE ba ta kai digiri ba, balle a tantance ta a yafe mini. Na je na zauna da wata baiwar Allah muka yi hirar abincin da muke so da yadda muke zuwa kasuwa, matakin da suke kira A1, magana da saurare kawai. Na ci, ba abin alfahari ba ne. Na biyun shi ne gwajin tarin fuka, wanda ba a karɓarsa sai daga asibitocin da suka amince da su, don haka sai da na tafi Abuja. A can ma'aikaciyar ta tambaye ni ko ina da juna biyu kafin a ɗauki hoton ƙirji. Na sunkuyar da kai. Cikin wata biyu ne, ko Umma ban faɗa wa ba. Ta ce a irin wannan watannin ba a ɗaukar hoton, sai dai in ba da kaki, safiya uku a jere, sakamakon kuma yakan kai mako takwas. Na fito na zauna a kan dakalin ƙofar asibitin na buɗe kalandar waya ina ƙirga makonni da yatsa, ko da yake tun kafin in fara na san inda za su faɗa. Ranar 11 ga Afrilu ta zo ta wuce, sakamako ya fito a watan Mayu, lafiyata ƙalau.

Daga nan sai aka koma farko. Dole maigida ya nemi aikin da ya fi albashi, kuma ko ya samu, hanya mafi sauƙi ita ce ya yi wata shida a wurin, ya tara takardun albashi shida da bayanan asusun banki da suka nuna kuɗin na shiga, da wasiƙar wurin aiki, ta ƙarshe kuma kada ta wuce kwana 28 a ranar da aka tura fom. Akwai hanyar ajiya, amma fam 88,500 ake so su kwana wata shida a asusu, mu kuwa ko a mafarki. Takardar tarin fuka wata shida take yi ta mutu, don haka wadda na sha wahala a kanta ta tashi a banza, na sake wata. Na haihu a watan Oktoba yana kan aiki, ta waya ya yi wa jaririyar huɗuba, ƙanensa na riƙe da wayar a kunnenta. Da yake takardar zaman dindindin gare shi, bai zama ɗan ƙasa ba tukuna, yarinyar da aka haifa a Zariya ita ma sai da nata fasfo da tata biza. A watan Fabrairun 2025 muka biya fam 1,846 kowaccenmu, ga kuɗin kiwon lafiya na shekara uku, nawa fam 3,105, nata fam 2,328. Jimla fam 9,125, ban da kuɗin mota, masauki a Abuja da fassara. Filin da ya saya a hanyar Jos shi ya tafi.

Wurin da na fi so iyaye su saurara shi ne abin da suke kira shaidar cewa auren na gaskiya ne kuma yana nan daram. Tarbiyyar da aka yi mana gaba ɗaya ta ɓoye irin wannan shaida ce. Hotunan bikina sun fi ɗari uku, amma waɗanda muke tare ni da shi ba su wuce biyar ba, a uku daga ciki ma fuskata na cikin mayafi. Kuɗin cefane kuwa ba ta banki yake aiko mini ba: yakan ba wani abokinsa fam a can, ɗan'uwan abokin ya zuba naira a asusun yayana, yayana ya miƙo mini a hannu. Shekara guda yana ciyar da ni, babu layi ɗaya a takarda da ya nuna haka. Hirarmu yawanci saƙon murya ne, wanda ba ya buguwa a takarda, abin da muka rubuta kuma da Hausa ne, su kuwa duk takardar da ba da Turanci ko yaren mutanen Wales take ba sai an haɗa ta da fassarar ƙwararre, da sunansa da sa hannunsa da kwanan wata. Na zaɓi shafuka kaɗan na kai wa mai fassara, dattijo ne mai furfura, na zauna gabansa yana karanta abin da na rubuta wa mijina da ƙarfe ɗayan dare. Da ƙasa za ta tsage da na shige. Can ya ɗago ya cire tabarau ya ce, “'Yata, wannan Yayan da kike ta kira, in na juya shi yadda yake, za su ce wanki kika aura.” Auren zumunci ne, ɗan yayar Baba ne, tun ina ƙarama Yaya nake ce masa, haka ma na adana lambarsa. Dokar Ingila ba ta hana auren 'ya'yan wa da ƙanwa ba, fom ɗin ma da kansa yana tambaya ko akwai dangantaka tsakaninku ban da aure, muka amsa da gaskiya, dattijon kuma ya ƙara ɗan bayani a ƙasan fassarar.

Wani mai cike wa mutane fom a wani shagon intanet ya so ya taimake mu ta hanyarsa. Ya ce mu je rajista mu sake ɗaura aure, wai Turawa ba su san takardar masallaci ba, kuma zai iya samo mana rasit na tura kuɗi na watannin baya. Allah ya sa maigida ya ƙi. Takardar bogi ita kaɗai ta isa a hana mutum biza, kuɗin fom ba ya dawowa, kuma tabon na nan a fayil ɗinsa. Auren rajista kuwa, wanda ake yi ƙarƙashin Dokar Aure ta tarayya, aure ne na mace ɗaya tak, da hukuncinsa daban kan saki da ƙarin aure. Wanda ya zaɓe shi da saninsa, ruwansa, amma bai kamata a tura mutum ya sa hannu don neman biza kawai ba tare da ya san abin da ya ɗauka ba. Mu da takardar masallacin muka nema, da fassararta, kuma da ita aka ba mu, bayan mako goma sha ɗaya da ɗaukar hoton yatsu.

Na ce da waliyyai nake magana. Idan manemi ya zo, akan binciki asalinsa da sana'arsa da sallarsa, har a aika unguwarsu a tambayi maƙwabta. Amma da an ji “yana Ingila” sai bincike ya tsaya, kamar Ingilar ce sana'ar. A tambaye shi wace irin takardar zama gare shi, ya nuna, ba kunya a ciki. Tun watan Janairun 2024 ɗalibin da ke digiri na biyu na zaman aji ba ya iya ɗauko iyali, sai mai karatun bincike irin digiri na uku ko wanda gwamnati ta ɗauki nauyinsa. Tun 11 ga Maris na shekarar, wanda ya shiga da bizar aikin kula da tsofaffi da marasa lafiya shi ma haka. Na san wata a Tudun Wada da lefenta ya cika akwati goma sha biyu, har yau tana ɗakin mahaifiyarta, mijin bai yi mata ƙarya ba, tambayarsa ce ba a yi ba. A kuma tambaya ko yana da mata a can. Idan yana da ita, ba a ba ta biyu bizar aure, ko da auren ya halatta a Najeriya. Idan ya ce sun rabu, a ga takarda, domin sakin da aka furta a cikin Ingila ba saki ba ne a dokarsu sai kotu ta raba auren.

Limamanmu kuma, Allah ya ƙara musu daraja, roƙona ƙarami ne: a cike takardar shaida a wurin ɗaurin auren, waliyyi da wakili da shaidu su sa hannu kafin a tashi daga tabarma, a kwafi sunan ango da na amarya daga katin ɗan ƙasa harafi da harafi, a rubuta kwanan wata na Hijira da na Miladiyya. Ba zai ci minti goma ba, kafin maroƙi ya gama sanarwa an kammala.

Bizar da aka ba ni ta wata 33 ce. Kafin ta ƙare zan sake biya in nemi ƙarin wata 30, da jarrabawar Turanci mataki na gaba, sai an cika shekara biyar ake maganar zaman dindindin. Yanzu akwai wani kwalin takalmi a saman durowar ɗakinmu, duk wasiƙar da ta zo da sunana ko nasa a adireshin gidan, ta wuta ce ko ta asibiti, ciki nake jefa ta. Makon jiya Baba ya kira ni, wai wani yaro da ke Landan ya aiko neman ƙanwata, baffanninsa za su zo ranar Asabar. Ya ce in faɗa masa tambayoyin a hankali, ya ɗauko biro.

Na gode da wannan fili.

Taku,
Wata malamar firamare 'yar Zariya,
daga Mancesta, Ingila.