Ungulu da Laimar Kwaɗin Suri: A Kula da Guba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ungulu da laimar kwaɗi aikinsu kusan ɗaya ne, wato kawar da abin da ya mutu. Ungulu takan cinye mushe kafin ya ruɓe, tsamin ruwan cikinta kuma yana kashe ƙwayoyin cuta masu yawa. Laimar kwaɗi ita kuwa ganye da itace take narkarwa a hankali. Guba ce ta raba su: ungulu ake ba guba, wasu nau'o'in laimar kwaɗi su ke bayarwa.

Ungulun da muka saba gani a mayanka ta shiga jerin IUCN (ƙungiyar kare halittu ta duniya) na tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a 2015. Mushe ɗaya da aka barbaɗa wa maganin ƙwari don kashe kura ko kare yakan hallaka garken ungulu guda. A binne irin wannan mushe ko a ƙone.

Mai neman laimar kwaɗin suri don ci da damina kada ya tsinke ta daga sama, ya tono ta. Ta suri tana da doguwar saiwa siririya da ta nutse cikin gidan gara. In aka ga kumburi kamar ƙoƙo a gindi, a yar. A kifa hular a kan farar takarda ta kwana. In ƙurar da ta zuba a takardar ta fito kore-kore, mai sa amai da zawo ce. Dahuwa ba ta kashe gubar wasu, kuma mai lalata hanta sai bayan awa 6 zuwa 24 take nuna alama. Wanda ya ci ya ji ciwon ciki a kai shi asibiti da ragowar.

Naka,
Mai karatu daga Zariya