Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Magajin Garin Damagaram: A Fitar Wa Ruwa Hanya Kafin A Yanka Filaye

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto maka ne kan filayen da ake ta yankawa a bakin gari. Duk wanda ya fita ta hanyar Mirya ko ta Tanut ko ta Magarya zai ga inda da muke noma gero yanzu an kafa duwatsun shaida, an jibge bulo da yashi. Ƙidayar 2012 ta samu mutum fiye da 300,000 a gundumomi 5 na birnin nan, kuma tun daga lokacin ba a daina haihuwa ba, baƙi ma ba su daina zuwa ba. Dole gari ya faɗaɗa. Damuwata ita ce inda yake nufa, da wanda ya auna masa hanya.

Garuruwan bakin teku irin su Kwatano da Legas suna fama da ruwan da ke cin gaɓa. Mu namu daga sama yake zuwa, ya faɗo kan dutse. Damagaram a kan fa take zaune, ƙasa ba ta shan ruwa da sauri, sai ya gangara ya nemi kwari. Kakanninmu sun san haka. Ramukan da suka haƙa suka ɗebi laka suka gina Birni da ganuwarsa, su ne suka zama tabkunan da ke karɓar ruwan damina. Yau muna cike su da shara da leda, in sun bushe da rani wani ya zo ya ce fili ne.

Ƙanena ya sayi irin wannan fili. Da rani ya je ya gani, wuri shimfiɗe gwanin sha'awa, ga takarda a hannu. Ya yi shekaru yana tara kuɗin ɗinki har ya ɗora ɗaki biyu. A daminar 2024 ruwa ya shigo musu cikin dare. Na tarar da matarsa tsaye cikin ruwa har gwiwa, jariri a baya, tana ɗaga buhun gero kan gado, takalman yara suna yawo a tsakar gida. Da gari ya waye bangon gabas ya zube. Wani dattijo a unguwar ya dube mu ya ce tun yana yaro nan ne ruwa ke kwana. Da an tambaye shi kafin a buga duwatsun nan, da ya faɗa.

A wannan daminar ce, ran 3 ga Satumba, tsohon masallacin Birni da ya tsaya tun ƙarni na 19 ya rushe a gaban idonmu. Har yau in na bi ta wurin zuciyata tana ƙuna.

Abin da nake roƙo, ranka ya daɗe, shi ne a fitar da taswirar hanyoyin ruwa da tabkunan birnin nan, a zauna da fadar Mai Martaba da masu unguwanni da malaman Jami'ar André Salifou, a kafa musu iyaka da siminti yadda kowa zai gani, a kuma hana yanka ko taku ɗaya a cikinsu. A liƙa taswirar a kowace gunduma, a karanta ta da Hausa a rediyo, don talaka ya san abin da zai saya. Sabuwar unguwa kuwa, a fara fitar mata da gwalalo da filin makaranta da asibiti da maƙabarta, sannan a raba gidaje.

Ga kuma ƙishirwa. Ruwan famfonmu daga nesa ake jawo shi, daga Gogo da Arunguza da Ganaram, amma da bazara ta yi sai ka ga yara da jarkoki rawaya a layi tun asuba. Duk unguwar da aka yanka ba tare da an lissafa ruwanta ba, layin nan aka ƙara wa tsawo.

Ina roƙonka ka fita da kanka kwana ɗaya bayan an yi ruwa mai yawa, ka zagaya sababbin unguwanni a ƙasa tare da masu awon fili. Ƙanena yana nan a gidan haya, takardar filinsa na cikin akwati, zai nuna maka wurin.

Allah ya taya ka riƙo.

Naka,
Wani mazaunin Zango, Damagaram