Ku daina yaba wa ɗaliban Asiya da yin shiru

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, na rubuto ne a kan abin da baƙonku ya faɗa a shirinku na rediyo na ranar Asabar, wai ɗalibanmu da ke ƙasashen waje su yi koyi da 'yan Asiya, waɗanda ko an zage su sai su sunkuyar da kai su ci gaba da karatu, ba ƙorafi ba kai ƙara. Sau biyu ya maimaita, mai gabatar da shirin kuma yana cewa "gaskiya ne, Malam". Wallahi tun daren nan maganar take ci mini rai.

Ni na zauna da su. Na yi digiri na biyu a arewacin Ingila daga 2019 zuwa 2020, kicin ɗaya muke girki da wata yarinya 'yar Vietnam, ƙaramar jiki, wadda in tana magana sai ka kasa kunne sosai kafin ka ji. Irinta baƙonku yake nufi. A watan Fabrairu na 2020, lokacin da labarin korona ya fara bazuwa, muna cikin bas muna dawowa daga cefane, tana sanye da takunkumi, domin a ƙasarsu ko mura mutum yake yi sai ya sa. Wani ƙato a kujerar gabanmu ya waiwayo, ya ja wuyan rigarsa ya toshe hanci, ya ce ta koma China da cutarta. Sannan ya tsartar da yawu dab da takalminta. Bas ɗin cike yake maƙil, amma kowa ya duƙufa kan wayarsa.

Ni ce na riƙe hannunta na ce ta yi haƙuri ta rabu da shi. Abin da aka koya mini ke nan tun daga gida: neman ilimi kika je, ki yi abin da ya kai ki, baƙo ba ya ja da ɗan gari. Ta zare hannunta daga nawa. Ta miƙe tsaye, jikinta na ɓari, ledar cefanen na kaɗawa a hannunta, ta ce masa ita ba cuta ba ce, ita ba 'yar China ba ce, kuma ko da 'yar China ce ba shi da ikon tofa mata yawu. Muryarta ta sarƙe, amma sai da ta kai ƙarshen maganarta. Ta taka har wajen direba ta gaya masa, ya tsaya ya sa mutumin ya sauka. Sai a lokacin wata tsohuwa Baturiya ta matso ta ce ta ga komai, ta ba ta lambar wayarta ko za a nemi shaida. Da yarinyar nan ta bi shawarata, tsohuwar ma da bakinta a rufe za ta sauka.

Da muka isa gida, ko kayan ba ta kwashe ba ta zauna a teburin kicin ta rubuta rana da lokaci da lambar bas da kalmomin da ya faɗa. Ta kai rahoto wajen 'yan sanda da ofishin ɗalibai. Jami'in da ta fara gani ya ce ƙila tsoro ne ya kama mutumin, ai kowa a firgice yake. Ta koma washegari, ta sake komawa. Mutumin dai bai shiga hannu ba, amma nacinta ya sa aka kira taron ɗaliban ƙasashen waje. A nan na ji abin da ya sa ni hawaye. Wani an jefe shi da ƙwai a titi. Wata ta yi mako biyu ba ta fita ɗakinta ba sai da dare. Duk sun haɗiye, saboda tsoron kada kai ƙara ya shafi bizarsu, saboda bashin da iyaye suka ci kafin su turo su, kuma saboda Turanci yana guduwa daga bakin mutum idan ransa ya ɓaci. Wannan shi ne shirun da baƙonku yake yabawa, Malam Edita. Tsoro ne, ya ce tarbiyya.

Kuma ko da ya ɗan bincika, da ya ga cewa ba su yi shiru ba. A watan Fabrairun 2020 ɗin nan dai aka yi wa wani ɗalibi ɗan Singapore dukan tsiya a titin Oxford na Landan, ana ce masa ba a son koronarsa a ƙasar. Ya ɗauki hoton kumburarriyar fuskarsa ya sa a Facebook, duniya ta gani, kuma a farkon 2021 kotu ta samu wani matashi da laifin dukansa saboda launin fata. Tun a 2009 dubban ɗaliban Indiya suka cika titunan Melbourne a Ostireliya saboda hare-haren da ake kai musu. A Birtaniya kuwa, hukumar daidaito da kare haƙƙin ɗan Adam ta fitar da rahoto a 2019 cewa kusan kashi 24 cikin 100 na ɗaliban da ba farar fata ba sun fuskanci cin zarafi na wariya a jami'a, kuma kashi biyu cikin uku na waɗanda abin ya shafa ba su kai ƙara ba. Su kuke so a ƙara wa yawa da 'ya'yanmu?

Sai kuma mai kiran nan da ya bugo waya a shirin ya ce Allah ya ƙara, ai su ma sun kori baƙaƙen fata daga gidajen haya a birnin Guangzhou na China a watan Afrilu na 2020. An yi haka, na ga hotunan 'yan Najeriya kwance a bakin titi da akwatunansu, kuma ban manta ba. Amma me ya kawo ƙarshen wannan wulaƙancin? Bidiyon da waɗanda aka kora suka ɗauka, da hayaniyar da aka yi har Kakakin Majalisar Wakilai na lokacin, Femi Gbajabiamila, ya kira jakadan China ya nuna masa. Magana ce ta yi aiki. Kuma ita yarinyar Vietnam me ya haɗa ta da Guangzhou? Ita ce fa ta tsaya mini bayan wata biyu, ranar da wani yaro ya ja mini hijabi a tashar bas, ta daka masa tsawar da ban taɓa zaton tana da ita ba. Ba wanda ya tsawata wa mai kiran nan a shirin, sai ma dariya da aka yi.

Ina roƙon ku sake shirin, ku kawo ɗalibin da abin ya faru da shi, ba wanda ya je taron kwana uku ya dawo yana ba da labarin Turai ba.

Sannan don Allah ku duba lambar wayar da kuke bayarwa. Sau goma sha ɗaya na kira a daren, ba ta shiga ba ko sau ɗaya, kuma kullum muryoyin mutum huɗu ko biyar ɗin nan muke ji, duk maza. Shi ya sa na rubuto.

Taku mai sauraro,
daga Zariya